Jiki Magayi: Tarihin Tabaron Kamar-Gaske a Duniyar Wasannin Bidiyo

Gabatarwa

A cikin watan Maris na shekara ta 2014, kamfanin Facebook ya sanar da cewa ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Oculus a kan kuɗi kimanin dalar Amurka miliyar 2. A lokacin kamfanin bai cika shekara biyu da kafuwa ba, kuma bai kai kayansa kasuwar jama'a ba tukuna. Abin da ya mallaka shi ne wani tabarau mai kama da ƙaramin akwati, wanda ake ɗaurawa a fuska ya rufe idanu ruf, sai mutum ya ga kansa a tsakiyar wata duniya da kwamfuta ta zana. In ya ɗaga kai ya ga sama, in ya waiga ya ga abin da ke bayansa. Wannan fasaha ita ce Turawa ke taƙaita sunanta da haruffa biyu, VR, kuma ana iya kiranta da Hausa fasahar kamar-gaske.

Jaridun wancan lokaci sun yi ta shelar cewa makomar wasannin bidiyo ta iso, kuma nan gaba kaɗan babu mai zama gaban talabijin yana latsa maɓallai, kowa zai shiga cikin wasan ne da kansa. Kaɗan daga cikinsu ne suka tuna cewa an taɓa yin irin wannan shela shekaru ashirin kafin nan, da kalmomi kusan iri ɗaya. Tarihin wannan alkawari ya cancanci nazari, domin yana nuna wani abu da masu ƙira da masu zuba jari suka sha mantawa: ruɗar ido abu ne mai sauƙi, amma sauran jikin ɗan Adam ba ya yarda da ruɗi cikin arha.

Ido biyu, hoto biyu

Tushen dabarar ya girmi kwamfuta da fiye da ƙarni guda. A shekara ta 1838 wani masanin Ingila, Charles Wheatstone, ya nuna cewa idon dama da na hagu ba hoto ɗaya suke gani ba, saboda ƴar tazarar da ke tsakaninsu, kuma daga wannan ɗan bambanci ne ƙwaƙwalwa ke gane zurfi da nisa. Ya ƙera wata na'ura mai madubai wadda ke ba kowane ido nasa zane, sai zanen ya tashi daga takarda kamar ana iya taɓa shi. Duk wani tabaron kamar-gaske da aka yi daga baya, komai tsadarsa, a kan wannan harsashi yake tsaye.

Shi kuwa sunan, a dandalin wasan kwaikwayo ya fara bayyana. Marubucin Faransa Antonin Artaud ya yi amfani da shi a cikin littafinsa kan wasan kwaikwayo wanda ya fito a 1938, yana nufin irin gaskiyar da ƴan wasa ke ginawa a gaban ƴan kallo, wadda kowa ya san ƙagagga ce amma tana motsa zuciya.

Mutumin farko da ya yi ƙoƙarin zuba wannan buri cikin ƙarfe shi ma ɗan sinima ne. Morton Heilig, Ba'amurke, ya samu takardar mallakar wata na'ura mai suna Sensorama a 1962. Mutum zai zauna ya cusa kansa cikin wani akwati, ya ga kansa bisa babur yana ratsa titunan Brooklyn a birnin New York; kujera tana girgiza, iska tana bugun fuskarsa, har ƙamshi da warin titi ana feso masa. Heilig ya fahimci tun da wuri cewa gani kaɗai bai isa ba, amma bai samu masu zuba kuɗi ba, na'urar ta tsaya a matsayin abin al'ajabi.

A 1968 ne Ivan Sutherland, malami a jami'ar Harvard, tare da ɗalibinsa Bob Sproull, suka haɗa tabarau da kwamfuta. Abin da ake gani a ciki bai wuce zanen layuka ba, kamar akwati marar bango yana shawagi a ɗaki. Amma in mutum ya juya kai, zanen yana sauya kusurwa daidai da juyin, kuma wannan shi ne sabon abu. Domin a bi motsin kan, an rataya wani dogon hannun ƙarfe daga rufin ɗaki ya sauko bisa mai kallo, abin da ya sa aka yi wa na'urar laƙabi da takobin Damocles, wato takobin tatsuniyar Girkawa da ke reto bisa kan mai zaman gadon sarauta.

Alkawari na farko

Shekaru kusan ashirin fasahar ta yi a ɗakunan binciken soja da na hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, inda ake da kuɗin sayen manyan kwamfutoci. A tsakiyar shekarun 1980 wani matashi, Jaron Lanier, ya kafa kamfanin VPL a Kalifoniya, ya fara sayar da tabarau da wata safar hannu mai jin motsin yatsu. Shi ne ya yayata sunan fasahar da Ingilishi har ya kama bakin ƴan jarida.

Daga nan ƴan kasuwar wasanni suka shigo. A 1991 wani kamfani na birnin Leicester a Ingila ya fitar da injinan Virtuality, waɗanda aka girka a gidajen wasa na manyan birane. Mai wasa zai biya kuɗi ya shiga cikin wani zobe da ya kai masa ƙugu, a ɗora masa kwalkwali mai nauyi, ya yi ƴan mintoci yana harbin abokin hamayya a wasan Dactyl Nightmare. Mutane sun yi layi domin gani da ido, tunda gani ya kori ji. Sai dai yawancinsu sau ɗaya suka gwada ba su koma ba: hoton ɗanye ne, kuma yana makara, mutum ya juya kai sai bayan ɗan lokaci duniyar ta biyo shi. A 1997 kamfanin ya durƙushe.

Manyan kamfanonin Japon biyu su ma sun gwada sa'arsu. Sega ta nuna nata tabarau a 1993, ta ce za ta sayar da shi dala 200, amma bai taɓa shiga kasuwa ba. Shugaban reshen kamfanin na Amurka a wancan zamani, Tom Kalinske, ya bayyana daga baya cewa gwaje-gwaje sun nuna yana sa ciwon kai da tashin zuciya.

Labarin Nintendo ya fi kowane ban tausayi, domin ya faɗa kan gwani. Gunpei Yokoi shi ne injiniyan da ya ƙera Game Boy a 1989, ƙaramin akwatin wasa na hannu wanda, tare da magajinsa mai launi, aka sayar da fiye da miliyon 118. Ra'ayin Yokoi shi ne a ɗauki tsohuwar fasaha mai arha wadda kowa ya sani, a samo mata sabon amfani. Game Boy ba shi da launi, amma yana shiga aljihu, batirinsa yana daɗewa, kuma yara biyu suna iya haɗa nasu da waya su kara. A watan Yuli na 1995 Nintendo ta fitar da Virtual Boy a ƙarƙashin jagorancinsa. Saboda a rage farashi, launi ɗaya kawai yake nunawa, ja a kan baƙi. Ba a ɗaura shi a kai. A kan tebur ake girka shi bisa ƙafafu biyu, mutum ya sunkuya ya leƙa ciki har wuya ya gaji. An sa masa tsarin dakatar da wasa lokaci lokaci domin ido ya huta, an kuma gargaɗi iyaye kada ƙananan yara su yi amfani da shi. Wayar da za ta haɗa ƴan wasa biyu ba ta taɓa fitowa ba, kuma wanda ke gefe ba ya ganin komai sai ƙeyar abokinsa. Wasanni 22 kawai aka yi masa, aka sayar da kimanin guda 770,000, kuma a 1996 aka daina ƙera shi. A shekarar ne Yokoi ya bar Nintendo, ya rasu a haɗarin mota a 1997.

A daidai wannan lokaci, akwatin PlayStation na kamfanin Sony, wanda ya fito a ƙarshen 1994, yana ta cin kasuwa har ya zarce miliyon 100. Shi ba ya rufe wa kowa ido. A gaban talabijin ake zama, biyu suna wasa, goma suna kallo suna ihu.

Abin da jiki ya faɗa

Domin a gane dalilin wannan faɗuwa, sai an koma ga halittar ɗan Adam. A can cikin kowane kunne akwai ƙananan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, tare da wasu ƴan jakunkuna biyu; su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa ko kai ya juya, ko jiki ya tashi da gudu, ko ya karkata. A rayuwar yau da kullum shaidar ido da ta kunne suna tafiya tare. Amma in mutum yana zaune a kujera, tabarau yana nuna masa cewa yana gudu cikin mota, ido ya ce ana tafiya, kunne ya ce ana zaune. Wannan saɓani ne ke haifar da jiri, da zufa mai sanyi, da tashin zuciya. Irinsa ne ke kama matafiyin da ke karatu cikin mota a hanya mai gargada, illa dai a nan abin ya juye: kunne ne ke jin motsi, ido kuma yana kan takarda da ba ta motsi.

Makarar hoto tana ƙara tsananta lamarin. Masu ƙira sun gano cewa tsakanin juyin kai da sauyin hoto bai kamata a wuce kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, kuma kwamfutocin shekarun 1990 ba su da wannan sauri. Akwai kuma gajiyar ido: allon yana nan wuri ɗaya, amma ana tilasta wa idanu su haɗu kan abin da ake nuna yana kusa ko nesa, aikin da ba su saba da shi ba. Ga nauyi a goshi da karan hanci, ga zafi. Hausawa sun ce jiki magayi, kuma a nan jikin ne ya gaya wa kasuwa gaskiyar da tallace-tallace suka ɓoye.

Alkawari na biyu

Bayan faɗuwar Virtual Boy an yi shekaru fiye da goma sha biyar manyan kamfanonin wasa ba sa ko son ambaton zancen. Abin da ya farfaɗo da shi daga wani gefe ya fito, wato wayar hannu. Gasar da kamfanonin waya suka shiga bayan 2007 ta sa ƙananan alluna masu kaifin hoto da na'urorin jin motsi suka yi arha, tunda ana ƙera su miliyoyi. Kayan da a da sai rundunar soja ke iya saye suka zama na kowa.

Wani saurayi ɗan shekara 19 a Long Beach ta Kalifoniya, Palmer Luckey, mai sha'awar tara tsofaffin tabarau, ya harhaɗa nasa a garejin gidansu. John Carmack, mashahurin mai tsara wasan Doom, ya nuna samfurin a babban baje kolin wasanni na Los Angeles a watan Yuni na 2012. Bayan wata biyu Luckey ya nemi gudummawar jama'a ta intanet, yana neman dala 250,000, aka tara masa kusan miliyon 2.4. Kamfaninsa ne Oculus da Facebook ya saye a 2014. A wannan shekarar kuma wasu injiniyoyi biyu na Google a birnin Paris, David Coz da Damien Henry, suka nuna cewa da kwali da gilasai biyu da waya ana iya ɗanɗana abin.

Shekara ta 2016 ita aka yi wa laƙabi da shekarar kamar-gaske. Oculus Rift ya fito a Maris kan dala 599, HTC Vive a Afirilu kan 799, sannan PlayStation VR a Oktoba kan 399. Biyun farko suna sabunta hoto sau 90 a daƙiƙa guda, matsalar makara ta ragu ƙwarai. Amma sai an haɗa su da kwamfuta mai tsada, da igiya da ke bin mutum tana harɗe masa ƙafa, wani ma sai an share masa fili a ɗaki. Zuwa ƙarshen 2019 Sony ta sayar da tabarau miliyon 5, alhali akwatin PlayStation 4 da ake haɗa shi da shi ya wuce miliyon 100. Ke nan ko cikin waɗanda suka riga suka mallaki akwatin, mutum ɗaya cikin ashirin ne ya saya.

Abin lura shi ne, wasan da ya girgiza duniya a 2016 bai buƙaci tabarau ba. Pokémon Go, wanda ya fito a watan Yuli, a wayar aljihu ake yin sa, kuma fitar da mutane ya yi kan titi da lambuna, suna tafiya rukuni rukuni.

Alkawari na uku

A 2019 Facebook ya fitar da Quest, tabarau mai cin gashin kansa, ba igiya ba kwamfuta. Quest 2 ya biyo baya a Oktoba 2020 kan dala 299, a daidai lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida, ya kuwa samu karɓuwar da babu wani tabarau da ya taɓa samu. Rahotannin farkon 2023 sun nuna cewa an sayar da kusan miliyon 20 na dangin Quest. A Oktoba 2021 Mark Zuckerberg ya sauya sunan kamfaninsa zuwa Meta, ya kuma faɗaɗa alkawarin: ba wasa kaɗai ba, har aiki da taro da kasuwanci za su ƙaura zuwa cikin tabarau.

Lissafin kamfanin da kansa ya nuna tsadar wannan buri. Sashen da ke kula da fasahar ya yi asarar fiye da dala miliyar 10 a 2021, miliyar 13.7 a 2022, miliyar 16.1 a 2023, da miliyar 17.7 a 2024. Google ya rufe nasa shirin mai suna Daydream tun 2019, Microsoft ya sanar da janyewa daga nasa a ƙarshen 2023. Sony ta fitar da sabon tabarau a Fabrairu 2023 kan dala 549, farashin da ya zarce na akwatin PlayStation 5 kansa a lokacin. Apple kuwa ya shigo a Fabrairu 2024 da Vision Pro kan dala 3,499, nauyinsa ya wuce giram 600. A dandalin Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta, masu amfani da tabarau sun yi shekaru suna yawo wajen 2 cikin 100. A gefe guda kuma Nintendo Switch, jikan ra'ayin Yokoi na arha da sauƙin ɗauka, wanda ya fito a 2017, ya zarce miliyon 150, yayin da wasannin waya suka kai kusan rabin kuɗin da duk kasuwar wasanni ke samu.

Abin da ya tsira

Duk da haka kuskure ne a ce fasahar ta mutu, ko a ce kawalwalniya ce tsantsa. Wasu wasanni sun kafu, kuma irinsu yana da abin koyarwa. Beat Saber, na wani ƙaramin kamfani a birnin Prague, ya fito a 2018: mai wasa yana tsaye wuri ɗaya yana saran akwatuna masu tahowa bisa kiɗa, da hannuwansa na gaske. Ido da kunne ba su da abin yi wa juna gardama, don haka jiri ba ya kama mutum. Half-Life: Alyx na kamfanin Valve, a 2020, an gina shi ne kan miƙa hannu, buɗe ƙofa, sunkuyawa a leƙa ƙarƙashin tebur. Gorilla Tag, wanda ya fito a 2021, wasan guje-guje ne kawai da hoto marar ado, amma yara suka rungume shi domin a ciki suna haɗuwa da tsararsu suna surutu. Waɗanda suka yi nasara su ne suka bi jiki a sannu, ko suka mayar wa mai wasa da abokan da tabarau ya raba shi da su.

A wajen wasa ma fasahar ta samu gindin zama: horar da matuƙan jirgin sama da likitocin fiɗa, da taimaka wa masu tsananin tsoron tsayi su saba a hankali. A irin waɗannan wurare minti ashirin sun isa, kuma tsadar na'ura ba ta kai tsadar kuskure ba.

Kammalawa

Tarihin shekaru sittin ya nuna cewa kamar-gaske ta zama reshe ɗaya mai rai a bishiyar wasannin bidiyo, amma ba ta zama gangar jikin bishiyar ba, duk da sau uku ana shelar haka. Tabarau na iya rage nauyi, farashi na iya sauka, kuma sannu ba ta hana zuwa. Sai dai akwai abin da injiniya ba zai sauya ba: wasa tun asalinsa sha'anin taro ne. Dara a gindin bishiya ba ta armashi sai da masu leƙe da masu ba da shawarar da ba a tambaye su ba, haka ma yaran da ke cincirindo gaban talabijin ɗaya suna jiran layin buga ƙwallo a PlayStation. Na'urar da sharaɗinta na farko shi ne a rufe ido daga na kusa, tana farawa ne da bashi a kanta.

Ga malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu, waɗanda za a ci gaba da kawo wa sababbin na'urori da sunan makomar ilimi ko ta nishaɗi, wannan tarihi ya bar tambayoyi masu sauƙi. Nawa ne kuɗinta, kuma wa zai gyara ta in ta lalace? Minti nawa jiki ke jure ta, musamman jikin yaro, tunda masu ƙera tabarau da kansu suna gindaya iyakar shekaru? Mutum nawa ke amfana da ita a lokaci ɗaya? Da an yi wa Virtual Boy waɗannan tambayoyi a 1995, da amsar ta fito tun kafin ya bar masana'anta. Ba girin-girin ba, ta yi mai.